Hujjojin Hankali a Kan Samuwar Mahalicci: Ƙarfinsu da Rauninsu

Duk almajirin da ya taɓa tanƙwashe ƙafa a zaure ya karanta Ummul Barahina, littafin tauhidin nan na Shehu Muhammadu ɗan Yusufu Sanusi, malamin Tilimsana da ya rasu a 1490, ya san cewa tun kafin a ambata masa ko sifa guda daga sifofi ashirin sai an fara raba masa hukuncin hankali gida uku, wato wajibi da mustahili da ja'izi, sa'an nan a ɗora masa hujjar samuwar Mahalicci a kan wannan rabo cikin 'yan kalmomi kaɗan, cewa duniya fararriya ce, fararre kuwa ba ya rasa wanda ya farar da shi. Almajiri ya biya, ya haddace, ya wuce gaba. Abin da ba kasafai ake gaya masa ba shi ne, waɗannan 'yan kalmomi ganima ce ta wani dogon yaƙi da aka shafe shekara fiye da dubu ana gwabzawa, kuma waɗanda suka ja da su ba wawaye ba ne, ba kuma dukansu ne dahriyya masu musun Ubangiji ba. A cikinsu akwai alƙalin Malikiyya, akwai malamin Yahudawa, akwai shehin Nasara, kowannensu ya gaskata da Mahalicci, amma ya ce wannan hujja ba ta kai matsayin burhani yankakke ba.

Mas'alar ta taɓa ta da ƙura a ƙasarmu. A zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo an sami wasu ɗalibai da suka nutsa cikin ilmul kalami har suka riƙa titsiye talakawa da tambayoyin tauhidi, wanda ya kasa kawo dalili bisa tafarkin mutakallimai su ce mukallidi ne, imaninsa bai inganta ba. Shehu kuwa ya tsaya musu, ya wallafa littattafai da dama yana yi musu raddi, yana tabbatar da cewa wanda ya furta shahada ya riƙi ayyukan Musulunci, to da musulunci ake yi masa hukunci. Tun da yake imanin manomi da maƙeri bai rataya a kan waɗannan hujjoji ba, ba abin da zai hana mu ɗora su bisa ma'auni, mu bar abokin jayayya ya faɗi tasa har ya gama.

Hujjar faruwar duniya ta girmi mutakallimai. Aristotal ya tafi a kan cewa sammai da motsinsu daɗaɗɗu ne, ba su da farko, kuma wanda ya fara ƙalubalantar wannan ra'ayi da makamin falsafar kanta wani Kirista ne na Iskandariyya, wanda Larabawa ke kira Yahaya Nahawi, da ya rubuta raddinsa a kan masu cewa duniya daɗaɗɗiya ce a 529. Daga gare shi zaren ya biyo ta hannun Alkindi a Bagadaza har ya iso ga Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111. Mukaddima ta fari, cewa fararre yana bukatar sababi, kusan ba wanda ya musa ta a wancan zamani, saboda haka duk wahalar tana ga ta biyu, cewa duniya fararriya ce. A cikin Tahafutul Falasifa Gazali ya kama falasifa da nasu ilmin taurari: bisa lissafinsu falakin rana yana kewayo ɗaya a shekara, na Mushtari sau ɗaya a shekara 12, na Zuhal sau ɗaya a shekara 30, to idan waɗannan kewaye-kewaye ba su da farko, kowannensu adadinsa ba shi da iyaka ke nan, alhali na rana ya ninka na Zuhal sau talatin, ta yaya kuwa abin da ba shi da iyaka zai ninka wani abin da ba shi da iyaka? Ya ƙara da tambaya ko wannan adadi mara ne ko cika. Bayan wannan akwai wata hujjar da ta fi saurin shiga zuciya, cewa da kwanakin da suka shuɗe ba su da iyaka, da ba a taɓa ƙare su an iso yau ba, ga shi kuwa mun iso.

Ibnu Rushdi, alƙalin Ƙurɗuba mai Bidayatul Mujtahid, wanda ya rasu a 1198, bai yarda ba. A wurinsa abin da ke mustahili shi ne taruwar abubuwa marasa iyaka a lokaci guda. Amma kewayon da ya wuce ya riga ya gushe, ba a tara shi wuri ɗaya ba balle a ƙidaya shi a ce mara ne ko cika, kuma mai cewa ba a iya ƙetare abin da ba shi da iyaka ya ƙaddara a ransa cewa akwai wata rana ta fari mai nisan da ba ya ƙarewa wadda aka taso daga gare ta, alhali ita ce ainihin abin da abokin jayayyarsa ke musu. Ɗan garinsu Musa ɗan Maimuna, babban malamin Yahudawa, ya soki mutakallimai da cewa sun fara yanke hukunci sa'an nan suka ƙera wa halitta ɗabi'ar da za ta dace da shi. Toma Akwinas kuma, wanda ya rasu a 1274, duk da hanyoyi biyar da ya kafa na tabbatar da samuwar Ubangiji, ya ce faruwar duniya a cikin zamani da wahayi ake saninta, hankali kaɗai ba ya iya yanke ta. Sai kuma a ƙarshen ƙarni na 19 Georg Cantor, masanin lissafi na Jamus, ya nuna cewa a cikin adadi marar iyaka sashe yana iya daidaita da duka ba tare da an sami tufka da warwara ba, domin kowace lamba ana iya haɗa ta da ninkinta, ɗaya da biyu, biyu da huɗu, har abada ba wadda za ta rasa abokiya. Da wannan tambayar Zuhal da rana ta rasa kaifinta. Masu kare hujjar a yau, irin su William Lane Craig wanda ya farfaɗo da ita a wani littafi a 1979 har ya bar mata sunan kalami, suna amsawa da cewa abin da ya inganta a kan allon lissafi ba lalle ne ya inganta a cikin samammun abubuwa ba. Amsa ce mai ma'ana, sai dai ta sauko da hujjar daga matsayin abin da hankali ke tilastawa zuwa matsayin abin da hankali ke karkata gare shi.

Ilmin sararin samaniya ya shigo cikin maganar a ƙarnin da ya wuce, kuma a zahiri ya shigo ne a gefen Gazali. Georges Lemaître, limamin Katolika ɗan ƙasar Beljiyam, ya fitar daga lissafin Einstein a 1927 cewa sarari yana buɗawa. Binciken Edwin Hubble na 1929 ya ƙarfafa haka. A 1965 kuma aka ba da labarin gano ragowar zafin farkon al'amari yana zuwa daga kowace fuska ta sama, har yau ana ƙiyasta shekarun wannan duniya da kusan biliyan 13.8. Masu wa'azi na kowane addini sun yi murna, amma abin lura ne cewa lokacin da Fafaroma Pius na 12 ya ɗauki wannan a 1951 a matsayin shaidar halitta, Lemaître da kansa bai ji daɗi ba, domin ya san cewa ƙa'idojin lissafin suna kakarewa kafin su kai ga lokacin farko, ba su kuma iya cewa daga babu aka fara ko kuwa daga wani hali da ya gabata. Wanda ya ɗaure aƙidarsa a jikin nazariyyar masana, duk ranar da nazariyya ta sauya sai ya kwance. Abin da za a iya faɗa da adalci shi ne, mai cewa duniya daɗaɗɗiya ce ya rasa natsuwar da yake da ita a zamanin Aristotal.

Hujjar da na fi ganin nauyinta ba ta bukatar duk wannan, ita ce ta Ibnu Sina, wanda ya rasu a Hamadana a 1037. Shi bai tambayi yaushe duniya ta fara ba, domin shi kansa yana ganin daɗaɗɗiya ce. Abin da ya tambaya shi ne ko samuwarta daga zatinta take ko daga waninta. Duk abin da muke gani, dutse ne ko tauraro ko mutum, in ka dubi haƙiƙarsa ba za ka sami abin da ya wajabta masa samuwa ba, yana iya kasancewa yana iya ƙin kasancewa, wato mumkini ne, saboda haka samuwarsa aro ce. A ɗauka ka ga kuɗi a hannun wani ɗan kasuwa, ka tambaye shi ya ce rance ne daga wane, ka je wurin wane shi ma ya ce ranto su ya yi, haka dai har ka zaga kasuwa duka; ko da masu rancen ba su ƙidayuwa, yawansu ba zai haifi ko anini ba, kuma tun da ga kuɗin nan a hannu, lalle akwai mai su na asali wanda bai ranta a wurin kowa ba. Haka Ibnu Sina ya ce a tattara mumkinai duka a dube su jimla guda: jimlar ba ta da wata samuwa sai ta ɓangarorinta, don haka ita ma mumkini ce, sababinta kuwa ba zai zama ɗaya daga cikinta ba, domin da ya zama sababin kansa; sai dai ya zama wani a wajenta, wanda samuwarsa daga zatinsa take, shi ne Wajibul Wujudi. Kusan ƙarni bakwai bayan haka Leibniz ya sake yin tambayar a Turai, cewa don me aka sami wani abu maimakon a wayi gari babu kome.

Mafi raunin suka da ake yi wa wannan hujja ita ce ta masu cewa to shi kuma wa ya yi shi, domin hujjar ba ta ce kowane samamme yana da sababi ba, cewa ta yi kowane mumkini. Suka mai ƙarfi daban take. David Hume, mutumin Sikotilan, ya ce idan ka bayyana sababin kowane ɗaya daga cikin jimla ka gama aiki, neman sababin jimlar kuma wani abu ne da harshe ya ƙirƙira. Ya kuma tambaya, in dai tilas ne a sami wajibi, me zai hana ya zama asalin maddar duniya ce da kanta? A muhawarar da aka yi a gidan rediyon BBC a 1948 tsakanin Bertrand Russell da Fada Frederick Copleston, Russell ya kawo misalin cewa kowane mutum yana da uwa, amma wannan bai sa jinsin 'yan Adam yana da uwa ba, ya kuma tsaya a kan cewa duniya dai ga ta nan, ba ta bukatar bayani. Kant kuwa a 1781 ya zo ta wata ƙofa, ya ce ƙa'idar sababi ma'auni ce da hankali ke tsara abubuwan da gaɓɓai ke riska da ita, ba mu da izinin fita da ita bayan iyakar abin da ake riska, kuma maganar samamme wajibi tana komawa a ɓoye ga tsohuwar hujjar Anselm, wadda ke son ciro samuwa daga ta'arifi kawai, alhali ta'arifi ba ya samar da kome.

Misalin uwa bai kama Ibnu Sina ba, a ganina, domin akwai sifofin da ke wucewa daga ɓangare zuwa jimla, kuma bukata tana cikinsu. Jimlar mabukata ba ta zama mawadaciya don yawa. Maganar madda ma tana da amsarta, cewa duk abin da ke da ɓangarori ko gwargwado yana bukatar ɓangarorinsa da abin da ya keɓe shi da wannan gwargwado ban da wani. Amma matsayin Russell na ƙarshe, cewa ga ta nan kawai, ba a iya rushe shi da mantiƙi, tun da ba shi da tufka da warwara a cikinsa. Abin da za a iya yi kawai shi ne a nuna tsadarsa. Mutumin da ke neman dalilin kusufin wata da dalilin zazzaɓi, wanda ba zai taɓa yarda a ce masa wani abu ya auku haka kawai ba, shi ne kuma idan aka zo ga tambaya mafi girma zai ce a nan ba a tambaya. Shi ma yana da abin mayarwa, cewa mumini ma yana da inda yake tsayawa ya daina tambaya. Gaskiya ne, bambancin shi ne ɗaya ya tsaya ga abin da aka siffanta da cewa ba ya karɓar rashi, ɗaya kuwa ya tsaya ga abin da shi da bakinsa ya yarda yana iya kasancewa wani iri dabam. Na ga tsayawar farko ta fi dacewa da hankali, ko da yake ban ce wanda ya zaɓi ta biyu ya haukace ba.

Hujjar tsari da hikima ita ce mafi soyuwa ga jama'a, ita ce kuma Ibnu Rushdi ya fifita a kan ta mutakallimai, ya kira ta dalilin inaya, yana ganin ita ce ta dace da tafarkin Alƙur'ani kuma malami da jahili duk suna fahimtarta. A Ingila William Paley ya shahara da ita a 1802 da misalin agogon da aka tsinta a fili, wanda haɗuwar ƙarafansa ke shaida maƙerinsa, ya ce ido ya fi agogo ban mamaki. Darwin ya karanta Paley yana ɗalibi a Kambirij ya kuma yaba masa, sa'an nan a 1859 ya kawo hanyar da tsari ke iya fitowa ba tare da nufi na kusa ba: 'ya'ya suna saɓawa da juna kaɗan-kaɗan, wanda saɓaninsa ya dace da muhallinsa ya fi rayuwa da haihuwa, a kan dogon zamani sai ƙananan bambance-bambance su taru. Ko mutum ya karɓi wannan ko ya ƙi, tilas ya yarda cewa misalin agogo ya daina tilasta abokin jayayya. Sai hujjar ta hau sama ta koma ga dokokin halitta kansu, domin masana sun lura cewa ƙarfin da ke riƙe ƙwayar zarra da ƙarfin da ke janyo jikkuna ga juna, da sun gota kaɗan daga gwargwadonsu, da taurari ba su daɗe ba, da sinadaran da rai ke bukata ba su haɗu ba. Masu musu suka ce watakila duniyoyi ne birjik, kowace da nata gwargwado, mu kuwa dole mu sami kanmu a wadda ta dace da rai. Ba wanda ya taɓa ganin waɗannan duniyoyi, saboda haka a nan kowane ɓangare gaibu yake kafa hujja da shi.

Sai dai mai kafa hujja da kyawun tsari ya buɗe ƙofar da ba zai iya rufewa ba, domin abokin jayayya zai ce a kawo dukan shaidu, har da sauro da ƙyanda da fari, har da girgizar ƙasar da ta rushe Lisbon ranar 1 ga Nuwamba 1755, ranar idin Nasara, majami'u cike da masu ibada. A kan wannan mas'ala ta sharri, Mu'utazilawa sun ce wajibi ne Ubangiji ya aikata abin da ya fi zama maslaha ga bawa, ana kuma ba da labarin cewa Abul Hasan Ash'ari ya ƙure malaminsa Jubba'i da mas'alar 'yan'uwa uku, salihi da fajiri da wanda ya mutu yana yaro: in an ce an ɗauki ran yaron ne don an san zai ɓaci in ya girma, to fajirin zai ce don me shi ba a ɗauke shi yana yaro ba. Ash'arawa suka fita daga wannan da cewa ba abin da ke wajaba a kan Mai mulki cikin mulkinsa. Amsa ce da ke tsare aƙida, amma ta janye ƙafa daga da'awar cewa hankalinmu yana iya karanta hikima a kan kowane abu. Ko ta yaya, shubuhar sharri ba ta taɓa Wajibul Wujudi ba, sifofin rahama da adalci take nufa.

Nan ne kuwa gizo ke saƙa, domin tsakanin samamme wajibi da Mahalicci mai nufi da zaɓi akwai tazara, kuma a kanta ne Gazali ya yi faɗa da Ibnu Sina, yana cewa wanda duniya ke kwarara daga gare shi tilas, ba da zaɓinsa ba, bai cancanci a kira shi mai aikatawa ba. Falasifa suka mayar masa da tambaya mai wuya: idan Mai nufi daɗaɗɗe ne, nufinsa daɗaɗɗe, ikonsa cikakke, me ya sa duniya ta faru a lokacin da ta faru ba kafin nan ba, alhali lokuta duka daidai suke a wurinsa? Gazali ya ce zamani kansa halitta ne, babu wani kafin nan. Ya kuma ce aikin irada ke nan, ta keɓe abu daga irinsa, kamar mayunwacin da aka ajiye wa dabino biyu masu kama da juna ta kowace fuska, ba zai zauna ya mutu da yunwa ba, zai ɗauki ɗaya. Ibnu Rushdi ya ce mutumin nan ci ya fifita a kan rashin ci, bai fifita dabino a kan dabino ba. Amma wannan bai warware ba, tun da a ƙarshe hannunsa a kan guda ya sauka ya bar guda. Sai dai nasarar Gazali a nan tana da farashi, domin hujjar duka an gina ta ne a kan cewa ɗayan abubuwa biyu madaidaita ba ya rinjaya sai da mai rinjayarwa, ga shi kuma an yarda irada tana rinjayarwa ba da wani dalili ba. Magajin Russell zai ce rangwamen da aka yi wa irada a yi wa duniya. Amsar mutakallimai ita ce akwai bambanci tsakanin zaɓin da ba a san dalilinsa ba amma akwai mai zaɓar, da aukuwar da ba ta da mai aukarwa sam, kuma ina ganin bambancin na gaske ne. Fahruddini Razi, wanda ya rasu a 1210, ya ɗauki ƙa'idar rinjayarwa da tsananin da ya fi na Gazali, ya bi ta har cikin ayyukan bayi, ya ce mutum ba ya aikata abu sai wani dalili mai tunzurawa ya rinjaya a zuciyarsa, wannan dalili kuwa ba shi ya halitta wa kansa ba, har ƙa'idar ta kai shi dab da mazhabar jabru, mai cewa tilasta bawa ake yi a kan ayyukansa.